Kiɗan Da Iya Fanna Ta Ɓoye

"Iya, ki rantse!"

"Ke tafi can! Ni za ki sa rantsuwa? Ubanki ma da gemunsa bai taɓa sa ni ba."

Bilqis ta ƙara matsowa a kan tabarma, ta kama ƙafar kakarta tana matsa mata. Idanunta sun kumbura saboda kukan da ta sha tun safe.

"To ki sake faɗa in ji da kyau."

Iya Fanna ta ɓare goro, ta jefa rabi a baki, ta ƙulle rabin a bakin zani.

"Na ce akwai wani kiɗa. Ranar da na ji shi a Kanya Babba, a ranar na je na ce wa mahaifina wancan mai garmar nake so, kakanki Dunoma. Shekara hamsin da huɗu ke nan. In yaron nan naki ya buga min shi a tsakar gidan nan, yadda aka buga shi a ranar, ni zan kira ubanki Hussaini in ce ya ba shi ke. Ki gani ko zai musa."

"In kuma bai samo ba fa?"

"Sai ki cire sunansa daga bakinki. Ba kuka, ba ƙin cin abinci, ba ɗaure wa mutane fuska."

"Sunan kiɗan fa?"

"Da zan faɗa ai da ban sa sharaɗi ba."

"Haba Iyata ta kaina..."

"Kar ki min daɗin baki, 'yar nema. Sati biyu. Ran Asabar, bayan la'asar."

Bilqis ta auna maganar. In ta yarda kuma aka faɗi, shi ke nan Ashiru ya tafi. In ta ƙi, ba ta da wata ƙofa, don duk Kazaure mutum ɗaya ne Alhaji Hussain ba ya iya ɗaga wa murya, ita ce kuwa wannan tsohuwar mai jan haƙori.

Ta miƙa hannu.

Iya ta tafa.

"An ƙulla!"

Shi Alhaji Hussain, mahaifin Bilqis, dillalin gyaɗa ne, kuma ba mugu ba ne. Da aka kawo masa maganar Ashiru, sai da ya sa aka bincika har sau biyu. Aka ce yaron malamin gona ne, yana da albashinsa, ba ya fashin jam'i, ba a taɓa jin shi da kowa ba. Alhaji ya ji duka, sannan ya ce:

"Halinsa ban da ta cewa. Amma ubansa kalangu yake buga wa mahauta ran kasuwa. Ba zan haɗa jini da makaɗa ba."

Daga nan bai ƙara ba.

Abin dariyar shi ne, ta kiɗan ne ma soyayyar ta shigo. Bilqis na da ɗan shagon ɗinki a hanyar dam. Wata rana Ashiru ya kawo atamfar ƙanwarsa, maimakon ya ajiye ya tafi sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya karkata kai yana sauraron keken ɗinkinta.

"Malam, lafiya?"

"Kin san lugude kike yi da ƙafarki?"

"Lugude kuma?"

"Irin wanda mata uku suke yi a turmi ɗaya. Sake takawa ki ji."

Ta taka, ya bi ta da yatsu a jikin ƙyaure, sai ga shi ɗinki ya koma kiɗa. Ta yi dariya har allura ta kusa soke ta.

Ashe duk ƙauyen da aikin gona ya kai shi, in ya gama maganar taki da iri sai ya nemi tsofaffin makaɗa ya ɗauki kiɗansu a waya. Tun daga ranar yake zaɓo mata ɗaya-ɗaya yana turowa, kowanne da bayaninsa.

"Da safe ki fara da sarewar nan. Wani dattijo mai kiwo na ɗauka a bayan duwatsun Roni. Ki kula da inda yake tsayawa ya ja numfashi, nan daɗin yake."

"In mai ɗinki ta ɓata min rai fa?"

"Garayar maharba. Kafin ta ƙare kin ji kamar ke ce mai gari."

"In na yi kewarka?"

"Shantu. Amma ki rage murya, kar Umma ta gane."

"Gurmi fa? Ba ka taɓa turo min gurmi ba."

"Gurmi ba na turawa ta waya, gimbiyata. Shi da hannuna zan buga miki, a ɗakinki."

Ta rufe fuska da gyale ko da yake ba ya ganinta.

Abu ɗaya yake yawan nanata mata har ta haddace.

"Kiɗan mutanen da magana ne, Bilkisuna. Kar ki tsaya a ƙarar, ki ji abin da gangar take faɗa. Wata yabo take, wata tsokana. In kika ji ta ƙare muryarta a sama, to ba ta gama ba, tambaya ta yi, jira take."

Da ta kira shi ta faɗa masa sharaɗin Iya, dariya ya yi.

"Kai Ashiru! Ni ina nan hankalina a tashe kai kana dariya?"

"To ai surukai wasu mota suke nema. Ni an ce in kawo kiɗa. Allah Ya ja kwanan Iya!"

Kwana uku kacal ya samo taken Dunoma a Kanya Babba, wato kiɗan da ake yi wa marigayin shi kaɗai in ya shiga gona ran gayya. Bilqis ta ruga kicin da murna ta faɗa wa mahaifiyarta.

Umma ta girgiza kai.

"Wannan ai kowa ya san shi. An buga mata shi a bikina, an buga a sunanki. Sai ta ce sannunku, ta shige ɗaki. Ba shi ba ne."

Aka koma baya. Sati guda ya wuce ba labari.

To akwai Mu'azzam, ɗan yayar Alhaji Hussain, mai shagon wayoyi da mota fara. Shekara biyu yana kawo wa Iya goro duk Juma'a, ba don ya damu da haƙoranta ba. Bilqis yake so, ita kuwa "Yaya Mu'azzam" take ce masa, irin kiran da yake rufe ƙofa. Iya ba ta iya riƙe magana in tana jin daɗinta, ita da bakinta ta ba shi labarin sharaɗin.

Ran Laraba Ashiru ya kira da murnarsa.

"Ashe ɗan'uwanki mutumin kirki ne?"

"Wanne?"

"Mu'azzam. Har ofis ya same ni. Ya ce shi ya haƙura, farin cikinki ya fi masa. Ya ce kiɗan da Iya take nufi taken Daudu na Roni ne, kuma mutum ɗaya ya rage da ya iya shi, wani tsoho a Gwiwa, Kawu Mai Ganga."

"Yaya Mu'azzam ne ya ce ya haƙura?"

"Da bakinsa."

"Hmm..."

"Na ɗauki hutun kwana uku. Can wajen ba sabis sosai, in kin ji ni shiru kar ki damu. Ki riƙa jin sarewar nan, ki yi min addu'a."

"Allah Ya tsare min kai, masoyina."

Ta ajiye waya, amma hankalinta bai kwanta ba. Ita dai ba ta taɓa jin sunan wani Daudu a gidansu ba.

Ran Asabar da safe suna suyar waina ita da Umma, sai ta kasa daurewa.

"Umma, wane ne Daudu na Roni?"

Cokalin juyi ya suɓuce daga hannun Umma.

"Ke! Wa ya faɗa miki sunan nan?"

"Taken shi Ashiru ya tafi koyowa. Yaya Mu'azzam ne ya ce..."

"Innalillahi! Mu'azzam ya kashe ku!"

Umma ta leƙa waje, ta rage murya.

"Daudu abokin karawar kakanki ne a noma. Ran bikin yayar babanki wani makaɗi ya buga takensa a ƙofar gida. Kakanki ya fito da wuƙa ya farke fatar gangar, ya kori makaɗan har bakin gari. Babanki yana ɗan shekara goma, a idonsa aka yi. Tun daga ranar ko sunan ba a faɗa a zuri'ar nan. Mu'azzam kuwa ya sani sarai, ai bikin uwarsa ne!"

Bilqis ta bar waina na ƙonewa ta ruga ɗaki.

Ta kira, a kashe.

Ta sake kira, a kashe.

Ta tura saƙo har bakwai: kar ka buga, tarko ne! Ko ɗaya bai shiga ba.

Ta faɗa kan gado tana kuka.

"Wayyo Ashiru... ni na ja maka!"

Bayan la'asar tsakar gida ta cika. Iya Fanna ta sha sabon zani, ta zauna a kujerar tsugunno kamar amarya. Alhaji Hussain na gefe a kan kujerar roba, fuskar nan a ɗaure, carbi a hannu. Ba don uwarsa ce ta ce ya zauna ba, da ko ƙarar gangar ba za ta shiga gidansa ba. Mu'azzam ya zo cikin shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Ƙanwata, ya jiki? Na ga idonki ya yi ja."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Aka yi sallama. Ashiru ya shigo rataye da wata tsohuwar gangar noma, jikinta ya yi baƙi ƙirin don tsufa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da yamma, Baba. Iya, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, angona," in ji Iya. "Ka zo da kayana ko ka zo da surutu?"

"Kunnenki zai faɗa, ranki ya daɗe."

Bilqis na bayan labule tana girgiza masa kai, tana yarfa hannu. Ya hango ta, ya yi mata murmushi, ya gyara ratayar gangarsa.

Ya buga.

Bugu uku bai cika ba Alhaji Hussain ya ɗago kai. A na biyar carbin ya tsaya. Umma ta dafe ƙirji. Mu'azzam ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe don kar dariya ta ƙwace masa.

Gangar na ruri, tana taƙama, kamar ƙato ya shigo fili yana buga ƙirji.

Alhaji ya miƙe tsaye.

"Kai! Tsaya nan! A gidana? A gaban uwata za ka buga taken Daudu?"

Ashiru bai tsaya ba.

"Na ce ka tsaya! Mu'azzam, fitar min da shi!"

Mu'azzam ya tashi da sauri yana naɗe hannun riga.

Ita kuwa Bilqis, a cikin kukan nata, kunnenta ya kama wani abu. Wata takwas tana sauraron abin da Ashiru ke zaɓo mata, ba a banza ba. Gangar ta hau, ta hau, ta ƙare a sama, ta yi ɗif. Ta sake hawa, ta sake ƙarewa a sama.

Ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Ta zube a gaban mahaifinta ta riƙe bakin rigarsa.

"Baba, don girman Allah ka bar shi! Tambaya ce!"

"Me kika ce?"

"Gangar tambaya take yi, Baba! Ba ta gama ba! Ka ji, jira take!"

"Hussaini."

Muryar Iya ce, a hankali, amma kowa ya ji.

"Zauna."

Alhaji ya dubi uwarsa. Idonta a rufe, leɓenta na motsi, tana ƙirga wani abu da yatsu. Ya koma ya zauna.

Gangar ta yi tambayar karo na uku. Ashiru ya ɗaga sandar kiɗan sama, ya bar ta a can. Gida ya yi tsit, har ana jin kurciya a kan katanga.

Sannan ya juya gangar, ya sauko da hannu.

Taken Dunoma!

Wannan da kowa ya sani, wanda aka sha ji a biki da suna, amma yau sai ya fito kamar ba shi ba. Da can kamar mutum ne yake magana shi kaɗai a ɗaki. Yau kuwa kira aka yi, ya amsa.

Iya Fanna ta miƙe ba tare da sandarta ba.

"Ga ni nan!" ta faɗa da ƙarfi, tana bin gangar. "Ga ni nan, ga Dunoma! Daudu, gyara tsayuwa!"

Ta ɗaga hannu, ta taka ɗaya, ta taka biyu, ta juya kafaɗa irin ta 'yan matan da. Umma ta rangaɗa guɗa ba ta sani ba. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Hawaye na bin kumatun tsohuwar, tana dariya, jan haƙoran nan duk a waje.

Da kiɗan ya sauka ta zube a kujerarta tana haki.

"Shekara hamsin da huɗu ana kawo min rabi," ta ce. "Kowa ya zo sai ya buga min amsa. Amsar me? Ka taɓa ganin an amsa sallamar da ba a yi ba?"

Alhaji Hussain ya share ido da bakin hula.

"Amma Iya... Baba ya farke ganga a kan kiɗan nan."

"Don sakaran ya yi tambaya ya tsaya! Ganga ta ce, Daudu na Roni, wa zai tare ka? Sai ya yi shiru, bai iya sauran ba. A ƙofar gidan Dunoma a ce wa zai tari Daudu, a rasa mai amsawa? Ni ma da wuƙar na hannuna da na farke."

Ta juya ga Bilqis.

"Gayya aka yi a gonar mai gari. Aka ɗauko Daudu tun daga Roni, ƙato kamar rumbu. Ganga ta tambaya sau ɗaya, samarinmu suka sunkuyar da kai. Sau biyu, wasu suka tafi neman ruwan sha. A na uku sai ga wani siriri ya fito da garmarsa a kafaɗa. Nan take makaɗin ya juya ganga ya ƙirƙiro masa amsa. Ni kuwa ina riƙe da ƙwaryar fura, na ce shi ke nan, na ga miji."

"Sai ya kayar da Daudu!" in ji Bilqis.

"Wa? Ina! Daudu ya riga shi gama noma da kunya biyu cur."

Alhaji ya zaro ido.

"Iya! Ba ce mana aka yi Baba ne ya ci ba?"

"Shi ya ce muku."

Gidan ya kwashe da dariya, har Alhaji sai da ya riƙe ciki.

"Ni ba cin na aura ba," in ji Iya. "Fitowar na aura. Kowa ya noƙe, shi ya fito."

Ta nuna Ashiru da haɓa.

"Ga wani nan. Ka daka masa tsawa sau biyu a cikin gidanka, hannunsa bai yi karkarwa ba. Hussaini, na ba shi."

Alhaji ya kalli gangar. Sannan ya dubi Ashiru.

"Wa ya koya maka?"

"Wanda ya buga ta a ranar gayyar, Baba. Yana zaure, ya ce ba zai shigo ba sai an yi masa izini."

Aka shigo da Kawu Mai Ganga, tsoho tukuf, yana dogara sanda. Iya ta ƙura masa ido, ta tafa hannu.

"La ilaha! Kai ne mai wuyan nan kamar zalɓe? Kana nan da rai?"

"Ina nan, Fanna mai fura. Ke ma ashe ba ki tafi ba."

Kawu ya zauna, ya karɓi ruwa, ya dubi jama'a.

"Yaron nan ya zo min wai taken Daudu yake so. Na ce wa za a buga wa? Ya ce matar Dunoma. Na ce to wanda ya aiko ka neman rabin nan so yake a fasa maka kai. Ni ba na koyar da rabi. Kwana uku na tsare shi, na ƙwace wayarsa ma don kar ta raba masa hankali. Wai wane ne ya aiko shi?"

Ido duka ya koma kan Mu'azzam, wanda ya riga ya kai bakin zaure yana laluben makullin mota.

"Mu'azzam," in ji Alhaji, "dawo. Ni da kai za mu yi magana gobe, a gaban uwarka. Yanzu dai ka jira, kai za ka mai da Kawu Gwiwa."

Ya juya ga Ashiru, muryarsa ta yi laushi.

"Ka ce wa mahaifinka ina gaishe shi. Ya turo manya ran Juma'a." Ya yi gyaran murya. "Kafin nan... sake buga min na biyun."

"Ba a raba su!" Iya da Bilqis suka faɗa a tare.

Ashiru ya saci kallon Bilqis, ya yi ƙasa da murya.

"Wa ya koya miki jin ganga haka, gimbiya?"

"Wani malamin gona ne. Har yanzu ma ina jiran gurmin da ya yi min alkawari."

Bayan sallah babba aka ɗaura aure. Mahaifin Ashiru ya zo ba tare da kalangunsa ba, sai Alhaji Hussain da kansa ya aika aka ɗauko masa kalangun.

In ana maganar riba, Iya Fanna ce kan gaba: ta aurar da jikarta, ta kuma sa aka nemo mata kiɗan da ta rasa tun tana budurwa, ba ta ko tashi daga tabarma ba. Ashiru ya samu Bilqis, Bilqis ta samu gurminta, a ɗakinta, da hannunsa. Kawu ya samu wanda zai bar wa gangarsa. Alhaji Hussain ya yi asarar labarin cewa ubansa ya kayar da Daudu, amma ya ce wanda ya samu a madadinsa ya fi daɗi.

Mai asara tsantsa Mu'azzam ne. Goron shekara biyu ya tafi, yarinya ta tafi, kuma da bakinsa ya nuna wa abokin takararsa ƙofar mutum ɗaya tak da ya san kiɗan gaba ɗaya. Ranar Asabar ɗin nan haka ya tuƙa farar motarsa har Gwiwa, Kawu a gidan gaba, ganga a kan cinya, yana buga masa taken Daudu tun daga Kazaure, in ya kai wajen tambayar sai ya tsaya ya dube shi.